Yadda Ɗa Yake Gadon Iyayensa: Daga Lambun Mendel Zuwa Gwajin Sikila

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa.

A gidan suna, tun ba a gama rabon goro ba mata sun gama rabon jariri. Wannan ta ce hancin na ubansa ne, waccan ta ce goshin kakarsa ya ɗebo, wata ta kama ɗan yatsansa ta ce ai wannan na dangin uwa ne, ko tantama babu. Kowa ya yarda barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To amma ga abin da ke ɗaure kai. Miji lafiyarsa ƙalau, mata lafiyarta ƙalau, babu wanda ya taɓa kwanciya asibiti a cikinsu, sai ga shi sun haifi yaro mai cutar sikila. Ko kuma iyaye biyu baƙaƙe wuluk su haifi zabiya. Daga ina yaron ya samo abin da ba a gani a jikin uwa, ba a gani a jikin uba? Amsar wannan tambaya ita ce ƙashin bayan ilimin gado, kuma ita za mu bi yau.

Mutumin da ya fara kama bakin zaren malamin coci ne mai suna Gregor Mendel, a garin Brno, wanda yanzu yake cikin Jamhuriyar Cak. Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa a lambun gidan ibadarsu yana shuka koren wake irin na Turawa, har tushe kusan 28,000. A zamaninsa an ɗauka cewa siffar uwa da ta uba gauraya suke yi a jikin ɗa, kowace ta narke cikin 'yar'uwarta. Mendel ya gwada ya gani. Ya ɗauki wake mai fure ruwan shuni, ya yi masa barbara da mai farin fure. Da zancen gauraya gaskiya ne, da sai a ga fure mai tsaka-tsakin launi. Ba haka aka gani ba. Duk 'ya'yan da suka fito shuni ne, farin ya ɓace ɓat.

Sai ya bar waɗannan 'ya'yan suka yi iri a junansu, ya shuka jikokin, ya zauna ya ƙirga. Guda 705 suka yi fure shuni, guda 224 suka yi fari. Farin da aka ɗauka ya tafi ya dawo, kuma fari tas, bai ɗauki ko ɗigon shuni ba. Ya gwada da siffar ƙwayar waken, mai santsi da mai yamushewa, ya samu 5,474 da 1,850. Ko'ina lissafin ɗaya ne: kusan uku ga ɗaya.

Abin da Mendel ya fahimta shi ne, kowace shuka tana riƙe da kwafi biyu na umarnin kowace siffa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wani kwafin mai rinjaye ne, ko shi kaɗai ne sai ya bayyana. Wani kuma mai ɓuya ne, ba ya fitowa fili sai ya haɗu da irinsa. Amma ɓuyarsa ba ta hana shi wucewa zuwa 'ya'ya da jikoki. Mendel ya wallafa wannan a 1866, kusan babu wanda ya kula, ya rasu a 1884. Sai a 1900 masana suka waiwayi aikinsa suka ga ashe ya riga su.

Waɗannan umarnin su muke kira ƙwayoyin gado. A ina suke zaune? Jikinka an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, ana ce musu sel. A tsakiyar kusan kowane sel akwai wani dogon zare mai suna DNA, a nannaɗe cikin ƙulli 46 da ake kira kuromosom. Bibbiyu suke, wato tagwaye 23. Ƙwan mace yana ɗauke da 23, ƙwayar maniyyin namiji tana ɗauke da 23, idan suka haɗu lissafi ya cika. Saboda haka rabinka daga mahaifiyarka ne, rabi daga mahaifinka, ko da kuwa kowa yana cewa kai da babanka kamar an tsaga kara.

Shi DNA rubutu ne mai haruffa huɗu kacal: A da T da G da C. Kwafi ɗaya na wannan rubutu a jikin mutum ya kai harafi kusan biliyan 3, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000 da ke bai wa jiki umarnin yadda zai ƙera furotin. Furotin ɗin nan su ne ke yin aikin: wani yana sa launin fata, wani yana narkar da abinci, wani yana dakon iska a cikin jini. A 1953 ne James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar zaren, igiya biyu a murɗe da juna, kuma hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin sun taimaka musu ƙwarai.

Kafin mu wuce, akwai magana ɗaya da nake so kowane magidanci ya ji da kunnen basira. Tagwaye na 23 su ne ke fayyace namiji ko mace. Mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Ƙwan uwa kullum X yake bayarwa, ba shi da wani. Maniyyin uba ne ke zuwa da X a samu mace, ko ya zo da Y a samu namiji. Matar da ake yi wa gori don tana haihuwar mata zalla, har wani lokaci a yi mata kishiya a kan haka, ana ɗora mata abin da ba daga wajenta yake zuwa ba. Shi ma mijin ba zaɓa yake yi ba, kyauta ce ta Allah.

Yanzu mu dawo kan sikila, wadda ake kira amosanin jini.

A cikin jajayen ƙwayoyin jininka akwai furotin mai suna himogulobin, aikinsa ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Umarnin ƙera wani sashe nasa yana kan kuromosom na 11. A wajen yawancin mutane, wani gurbi a rubutun yana cewa G, A, G. A wajen wasu yana cewa G, T, G. Harafi ɗaya ne ya sauya a cikin biliyoyi. Wannan sauyin yana canza tubali na shida a jerin tubala 146 da suka yi wannan sashe na furotin. Himogulobin mai rubutu na farkon shi ake kira A, mai na biyun kuma S.

Ku dubi abin da ke faruwa a cikin ƙwaya ɗaya ta jini. Lafiyayyiya zagayayyiya ce, mai laushi, tana lanƙwasa ta ratsa jijiyar da ta fi gashi siranta. Wadda ke cike da himogulobin S kuwa, da zarar ta sauke iskar da ta ɗauko, sai furotin ɗin ya manne da juna ya yi dogayen sanduna a cikinta, ta sandare, ta koma siffar lauje. Irin waɗannan sai su cushe a ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa, naman da ke gaba ya rasa iska. Wannan shi ne ciwon ƙashin da ke sa yaro kuka cikin dare, musamman lokacin hunturu ko in ya yi zazzaɓi ko jikinsa ya rasa ruwa. Ga kuma gajeren kwana: lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kwana kusan 120, ita wannan kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Shi ya sa jini ke yawan ƙaranci, ido ya yi rawaya.

Wani likita a Cikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara bayyana wannan siffar a rubuce a 1910, bayan an duba jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar a jikin himogulobin take, sannan cikin shekarun 1950 Vernon Ingram ya gano ainihin tubalin da ya sauya.

To ina dokar Mendel ta shigo? Kowa yana da kwafi biyu. Mai AA ya sami A daga uwa da uba. Mai SS ya sami S daga ɓangarorin biyu, shi ne ke fama da cutar. Mai AS kuwa yana da ɗaya-ɗaya, kwafin A yana wadatar da shi, yawanci zai yi rayuwarsa bai san yana ɗauke da komai ba. Shi ne furen shuni mai ɓoye fari.

Ku kawo ƙwarya biyu. A ta farko ku sa wake fari ɗaya da ja ɗaya, wannan uba ne mai AS. A ta biyu ma haka, wannan uwa ce mai AS. Ku rufe ido ku ɗauko ɗaya daga kowace ƙwarya. Abu huɗu ne zai iya fitowa: fari da fari, wato AA, fari da ja, ko ja da fari, duka AS, sai ja da ja, wato SS. Ɗaya cikin huɗu ke nan, daidai da farin furen Mendel. Sai dai ku lura da abin da mutane da yawa ke kuskurewa. Bayan kowace ɗauka, waken komawa yake yi cikin ƙwarya. Kowane ciki sabuwar ɗauka ce. Ba wai in an haifi ɗaya mai sikila sauran ukun sun tsira ba. Akwai gidan da za a haifi biyar babu mai SS ko ɗaya, akwai gidan da uku za su zo a jere da ita. Kuma ja da ja ba ya fitowa daga ƙwarya ɗaya. Duk yaron da ke da SS, uwa ta ba shi, uba ya ba shi. Dangin mijin da ke cewa matar ce ta kawo musu ciwo gida ba su faɗi gaskiya ba. Zabiya ma ta wannan hanyar take zuwa, kwafi mai ɓuya daga kowane ɓangare.

Wani zai ce, in har S na da illa haka, me ya sa ya yi yawa a ƙasashenmu? A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi, kuma an kiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Dalilin sauro ne. A 1954 wani masani da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. Suna kamuwa, amma ba kasafai yake yi musu mummunan kamun da ke kisa ba. A inda maleriya ta daɗe tana ɗauke yara, masu AS sun fi rayuwa su girma su hayayyafa, S ya yi ta yaɗuwa.

An ga wannan a ƙasar Hausa ma. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban binciken maleriya a ƙauyukan Garki, a tsohuwar Jihar Kano, yanzu Jigawa. An tarar kusan 24 cikin 100 na jarirai AS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai kusan 29. Jarirai masu SS kuwa kusan 2 ne cikin 100, sai dai da wuya a ga babba mai ita, domin a wancan lokaci yawancinsu ba sa wuce ƙuruciya. Wannan adadi yana taɓa zuciya, domin akasarin iyayen nan sun binne 'ya'yansu ba su san abin da ya ɗauke su ba.

Kada a ɗauka kowace siffa haka take tafiya, ɗaya ga uku. Tsayi da launin fata ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne ke haɗuwa su yi su, kowace da ɗan nata, shi ya sa 'yan uwa ciki ɗaya wani zai fito fari wani wankan tarwaɗa. Abinci da lafiyar ƙuruciya ma suna da hannu: yaron da ya gaji tsayi, in tamowa ta kama shi ba zai kai inda ya kamata ba. Hawan jini da ciwon suga ma ana gadon saurin kamuwa da su, amma ci da sha da motsa jiki suna da nasu rabon.

Sikila tana cikin waɗanda lissafinsu a fili yake, kuma ɗan jini kaɗan ya isa a sani. Gwajin jinotaif, wato wanda ke nuna ko mutum AA ne, AS ko SS, daban yake da gwajin rukunin jini. Wanda aka ce masa shi O ne ko B ne, ba a faɗa masa komai a kan sikila ba. Akwai kuma wani nau'in mai suna C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. In S da C suka haɗu a jikin yaro, SC ke nan, ita ma cuta ce, don haka AS da AC ma sai an yi hattara. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotaif. Ni dai a ganina jira har an sa rana ya yi latti, lokacin an kai lefe, zukata sun shaƙu, janyewa ta yi wuya. Gara saurayi da budurwa kowa ya san nasa tun kafin magana ta yi nisa, a asibitin da aka amince da shi, in da hali a maimaita a wani wurin.

Inda kuma aka riga aka yi auren, jariri ne abin dubawa. Mai SS yakan zo duniya lafiya lau, domin a watannin farko yana amfani da wani himogulobin na zaman ciki wanda ba ya lanƙwasa. Wajen wata biyar zuwa shida wannan yake ja da baya, alamu su fara, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. In an gano da wuri, likita zai sa shi kan rigakafi da maganin kare shi daga maleriya da ƙwayoyin cuta, ga gidan sauro da yawan shan ruwa. Akwai kuma magani mai suna haidiroksiyuriya da ke sa jiki ya ƙara yin wancan himogulobin na jarirai, ya rage yawan tashin ciwon. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ake gyara DNA na sel ɗin ɓargon majiyyaci a mayar masa da su. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya, ya fi ƙarfin kusan duk iyalan da ke fama da cutar a Afirka. Abin da ke kusa da hannunmu yanzu shi ne gwaji, na manya kafin aure, na jarirai tun kafin wata shida.