Yadda Ake Canza Ƙasan Mustang Da Tsatsa Ta Cinye

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan da kuke gani Ford Mustang ce, ƙirar 1967. Daga waje sai ka rantse lafiyarta ƙalau, fenti na ƙyalli, inji na ruri. To bari mu ɗaga kafet ɗin wajen direba. Ku duba da kyau. Bakin sukudireba kawai na ɗora, ban ma danna da ƙarfi ba, sai ga shi ya ɓulla ta ƙasa. Ga hasken rana nan yana leƙowa ta ramin.

Kada kowa ya ɗauka wurin ajiye ƙafa ne kawai ya lalace. Motoci irin su Chevelle da GTO na wancan zamani, bodinsu a kan shasi yake zaune. Mustang ba haka take ba. Tun da Ford ya fito da ita a watan Afrilun 1964, bodi da shasi a haɗe suke, abu guda ne. Wannan farantin da kuke takawa yana cikin ƙashin bayan motar. Idan ya ruɓe, ƙofa za ta fara ƙin rufuwa, kujera ta rasa abin riƙewa, ƙarfin inji kuma ya riƙa murɗa jikin motar a hankali.

Kafin mu taɓa giranda, sai mun san ta ina ruwa yake shigowa. A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu, kuma abin yana min ciwo. Gaskiya ne gishirin da ake zubawa a kan titi lokacin ƙanƙara, a jihohi irin su Michigan da Ohio, yana cin ƙarfe ta ƙasa. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin tokunbo da ta fito daga can ya ga aikinsa. Amma a Mustang, babban ɓarawon daga sama yake sauka. Tsakanin bonet da gilashin gaba akwai raga, a ƙarƙashinta kuma akwai akwatin da iska ke bi ta shiga cikin mota. Ganye da ƙura su toshe magudanar, ruwa ya kwanta, ƙarfen ya hude, sai ya riƙa ɗiga a kan kafet. Shimfiɗar da ke ƙarƙashin kafet ta sha ta riƙe, shekara da shekaru ba ta bushewa. Gwajin ba wuya: zuba ruwa a ragar, ka sa wani ya kwanta ciki da tocila. In ya ga ɗigo, to a fara gyara can. Aiki ne babba, sai an cire gilashi, amma in aka tsallake shi, sabon farantin ma hanyar tsohon zai bi.

Yanzu a kwashe komai: kujeru, kafet, wayoyi. A cire batir. Bututun mai da na birki a ƙarƙashin nan suke bi, a kwance su a kawar, a cire tankin mai. Tartsatsin walda ba ya tambaya, don haka a ajiye tukunyar kashe gobara kusa.

Ga matakin da nake roƙonku kada ku yi masa gaggawa. A ɗora motar a kan madogara, a daidaita ta, ba karkata ko kaɗan. A auna tazarar bakin ƙofofi a rubuta. Sannan a kama ƙarafa masu kusurwa huɗu da walda, daga ginshiƙin ƙofa zuwa ginshiƙi don su riƙe jikin motar, wasu kuma a gicciye. Idan motar mai buɗaɗɗen rufi ce, wannan wajibi ne, domin ba ta da rufin da zai riƙe ta. Kuma in faranti biyu za a sa, a gama gefe ɗaya kafin a yanka ɗayan.

A masana'anta, ɗigon walda aka bi da shi aka manne farantin a jikin ƙarafan da ke tallafe shi. Goge wurin da buroshin waya, za ka ga ɗigon a jere kamar sawun ɗinki. Akwai bakin dirila na musamman da ke yanke ƙarfen sama kaɗai ya bar na ƙasa. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka zura cizal a hankali. Ji wannan ƙarar, ƙas! Ya saki ke nan. Dandamalin da kujera ke zama a kai ma haka za a ɓalle shi, in yana da kyau a ajiye.

Ana samun sabon faranti da aka buga da siffar na asali, amma da wuya ya zauna daram tun farko. Ɗora shi, zana layi, yanka ka bar rara, sake gwadawa. Sau biyar, sau goma, ba laifi. Wanda ka yanke fiye da ƙima ba ya dawowa.

Inda aka cire ɗigon masana'anta, huda sabon farantin ramuka masu faɗin milimita 8. Fesa share fagen fenti mai sinadarin zinki a fuskokin da za su haɗu, ka matse su da ƙananan sukurori har ba sarari. Da injin waldar MIG, wato mai turo waya da kansa, waya mai kaurin milimita 0.6, fara daga ƙarfen ƙasa a tsakiyar ramin, ka zagaya har ya cika.

Wajen haɗa baki da baki kuma, ni na fi son kada a ɗora wani a kan wani, domin tsakaninsu ne danshi ke ɓuya. Ƙarfen nan kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ba sosai, zafi kaɗan ke lanƙwasa shi. Kada ka ja walda doguwa. Ɗiga a nan, tsallaka can nesa ka ɗiga, bari ya huce har ka iya ɗora hannu, sannan ka dawo. Haka har ɗigon su haɗe su zama layi. Gogewa da giranda ma zafi ce, a bi sannu.

Sai a haska fitila ta ƙasa a nemi ƙananan huji a toshe. A shafa fentin efoksi sama da ƙasa, a bi duk haɗin da man toshe kafa, a mayar da dandamalin kujera daidai ramukan notinsa. Sai a ƙarshe za a yanke ƙarafan nan masu kusurwa huɗu da aka kama tun farko.

Bari mu gwada ƙofar. Da yatsa ɗaya na tura ta, kun ji yadda ta kama. A dawo da tiyon ruwa, mu sake zubawa a ragar kafin kafet ya koma.