Tsoron Da Muke Saye Da Kuɗinmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Abubuwa huɗu na rubuto a wannan takardar. Shugaban zama, in na wuce lokaci ka ɗaga min hannu, ba zan ji haushi ba.

Bari in fara da tambaya. Wa ya taɓa kallon fim ɗin ban tsoro da dare, aka gama, ya kasa kashe fitila? Ku ɗaga hannu. A'a, Malam, kai da ke gefe, na ga ka ɗaga ka sauke. (Dariya.) Mutum da hankalinsa, da kuɗinsa, ya zauna a yi ta firgita shi har awa biyu, gobe kuma ya nemo wani. Abin da ya tara mu ke nan.

Na farko, me ke faruwa a jiki? Tun 1915 wani masani a Jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya bayyana cewa in halitta ta ga haɗari, jikinta shiri biyu yake yi, ko ta tsaya ta yi faɗa ko ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Akwai wasu 'yan halittu a saman ƙoda da ke zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya yi sama, ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe, tsikar jiki ta tashi. Har ciki yakan dakatar da aikinsa, don jinin an tura shi hannu da ƙafa. Da muke cewa hantar cikinsa ta kaɗa, ashe ba mu yi nisa da gaskiya ba.

Mai buga wannan ƙararrawa wata aba ce a can cikin ƙwaƙwalwa, amigdala, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce ba ta fi kan ɗan yatsa girma ba. Joseph LeDoux na Jami'ar New York ya nuna, a bincikensa kan ɓeraye, cewa saƙon haɗari hanya biyu yake bi. Akwai gajera mai zuwa amigdala kai tsaye, akwai doguwa mai ratsawa ta wurin tunani. Gajerar ba ta bincike. Ka ga wani abu a miƙe a duhu, ka daka tsalle, sai bayan ka dira doguwar ta iso ta ce maka igiya ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, to amigdala tamkar an haife ta da sarar macijin ne. Shi ya sa ko ka san fim ne, ko ka san 'yan wasan suna nan lafiya ƙalau, jikinka zai zabura. Sanin yana zuwa a makare.

Yanzu ku ba ni dama, nan ne wurin da na fi so. Akwai wata mata a Amurka, masu bincike ba sa faɗin sunanta, S.M. kawai suke rubutawa. Wata cuta da ba a cika samu ba, Urbach-Wiethe, ta lalata mata amigdala duka biyun. Masanan Jami'ar Iowa sun shafe shekaru suna nazarinta, a 2011 kuma suka fitar da labarin yadda suka yi iya yinsu su tsorata ta. Suka kai ta inda ake sayar da macizai. Ita da bakinta ta ce ta tsani maciji, amma da zuwa ta ɗauki ɗaya tana shafawa, har tana roƙon a bar ta ta taɓa manyan da aka ce mata suna da haɗari. Suka kai ta wani tsohon asibiti a jihar Kentucky da ake mayarwa gidan firgita mutane, masu shigar dodanni suna ɓuya a lungu. Waɗanda ke tare da ita suna ta ihu, ita tana gaba tana dariya. Har ta kai hannu ta taɓa kan wani dodon don ta ji yadda yake, dodon ne ya razana! (Dariya.) Wallahi dodon ne ya razana. Suka nuna mata yankunan finafinan ban tsoro, ko gezau.

Kada ku ce ta huta. Matar nan an taɓa ɗora mata wuƙa a wuya, an nuna ta da bindiga, kuma ba ta koyi kaucewa irin wuraren ba. Tsoro mai gadi ne, ita kuwa gidanta ba mai gadi.

Ban gama da ita ba. A 2013 aka sa ta shaƙi iska mai ɗauke da kashi 35 cikin ɗari na irin iskar da muke fitarwa in mun numfasa. Nan take ta firgita, tana neman ceto, tana nuna abin da aka sa mata a fuska. Matar da maciji bai girgiza ba. Ashe tsoron da ke tasowa daga cikin jiki, na shaƙewa, yana da tasa hanyar daban. Na karanta wannan ya fi sau goma, kuma kullum sai tsikar jikina ta tashi.

Shugaba ya fara duba agogo. Na uku. Na biyu? To, na biyun dai, dabarun masu fim, a gurguje. Sauti ya fi hoto aiki. Daniel Blumstein, masanin dabbobi ne ma, ya lura cewa kiɗan irin waɗannan finafinai yana kwaikwayon karkarwar kukan dabbar da ke cikin tashin hankali. Ku rage sauti ku gani, rabin tsoron ya tafi. Sannan ɓoyewa. A fim ɗin Jaws na 1975, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane, na'urar da aka ƙera a siffar kifin ta yi ta lalacewa, dole aka rage nuna shi, sai abin ya fi ban tsoro, don abin da zuciyarka ta zana ya fi na allo muni.

Na uku, to ina daɗin yake? Wani masani, Dolf Zillmann, ya ce tashin da jiki ya yi ba ya sauka nan take. In jarumar ta tsira, adirenalin ɗin na nan cikin jininka, sai ya koma ya ƙara wa murnar ƙarfi. Ga kuma babban sharaɗi, linzami yana hannunka. Kura ce, amma da takunkumi. Kana iya rufe ido, kana iya kashewa. A Denmak, masu bincike na Jami'ar Aarhus sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan firgitarwa, suka fitar da sakamakon a 2020. Wanda bai ji tsoro sosai ba bai ji daɗi ba, wanda tsoron ya yi masa yawa shi ma haka. Daɗin yana tsakiya, kuma tsakiyar kowa daban. Saboda haka ka daina yi wa abokinka dariya in ya tashi ya fita.

Na huɗu kuwa... Na'am, Hajiya? A ba ta abin magana.

Ga waɗanda ba su ji ba, ta ce ɗanta mai shekara shida ya kalli irin wannan fim tare da yayyensa, yau mako biyu ba ya kwana shi kaɗai, kuma ta gaya masa ƙarya ce amma a banza.

Hajiya, a banza ɗin ne, kuma ba laifinki ba ne. Linzamin nan da na ambata, yaro ƙarami bai riƙe shi ba tukuna. Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ta daɗe a kan wannan. Ta gano ƙananan yara siffa ce ke firgita su, mummunar fuska ko da mai fuskar na kirki ne, kuma bayanin cewa ba gaske ba ne bai cika ratsa su ba. Manyan yara kuma abin da zai iya faruwa da gaske ya fi damunsu. A wani bincikenta da Kristen Harrison na 1999, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban jami'ar da aka tambaya sun ce har lokacin suna ɗauke da ragowar fargabar wani abu da suka kalla tun suna yara.

Don haka ki rage bayani. Ki rungume shi, ki bar masa fitila, ki zauna kusa har barci ya ɗauke shi, sannan ki riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, yau bakin gado, jibi bakin ƙofa. Kada a yi masa dariya, kada a ce ya yi ta maza. In ya wuce wata guda yana firgita cikin barci ko ya fara ƙin zuwa makaranta, ki kai shi wurin likita. Yayyen kuma, Hajiya, wannan shari'ar na bar miki. (Dariya.)

Shugaba ya ɗaga hannu har sau biyu. Na huɗun sai wani jiƙon. Wassalamu alaikum.