Yadda masu bayi a Amurka suka riƙa kare kansu

Jama'a masu sauraro barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau zai leƙa jihohin kudancin ƙasar Amurka ne a ƙarni na 19, mu ji irin hujjojin da masu bayi suka riƙa kawowa, don wallahi ba jahilai ne suka tsara su ba, sanatoci ne da likitoci da limaman coci.

Da farko ma kunya suke ji, su ce ai bauta sharri ce da suka gada, ba yadda za su yi da ita. To sai auduga ta yi kuɗi. Bayan an ƙera injin gurzar auduga a 1793, bayin da ba su wuce kusan dubu 700 ba a 1790 suka kai kusan miliyan 4 a 1860, auduga ta zama fiye da rabin abin da ƙasar ke fitarwa waje, nan fa harshe ya juya. A 1837 Sanata John Calhoun na Karolina ta Kudu ya miƙe a majalisa ya ce bauta alheri ce tsantsa, ga ubangida ga bawa. Wani marubuci George Fitzhugh ya ɗora, wai bawan gona ya fi lebura a masaƙar Ingila jin daɗi, tunda shi ana ciyar da shi har ya tsufa, lebura ko ranar da ƙarfi ya ƙare a sallame shi. Leburorin nan kam sun sha wuya, amma fa ba wanda ya taɓa kai 'ya'yansu kasuwa ya yi gwanjonsu.

Sai hujjar addini, labarin Nuhu a littafin Farawa na Baibul, wai ya la'anci zuriyar ɗansa Ham shi ya sa baƙar fata ya zama bawa. Alhali a nassin Kan'ana, ɗaya daga cikin 'ya'yan Ham, aka la'anta, kuma babu maganar launin fata ko kaɗan. Wannan tatsuniya ta yi yawo har ƙasashen Musulmi, shi ya sa tun 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa ya ce baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba, har ya lissafa Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba, ko da yake shi ma bai haramta bautar ɗungurungum ba.

Amma inda abin ya fi ban takaici shi ne wajen masu kimiyya. Ƙidayar 1840 ta nuna wai baƙaƙen da ke da 'yanci a arewa sun fi bayin kudu haukacewa nesa ba kusa ba, wato 'yanci ne ke taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wani likita Edward Jarvis ya zauna ya bi alƙaluman gari-gari, sai ga garuruwan da babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu amma an rubuta musu mahaukata baƙaƙe. Ya fallasa, ba a gyara ba, Calhoun ma ya ci gaba da kafa hujja da su a 1844 lokacin yana sakataren harkokin waje. Shi kuwa Dakta Samuel Cartwright na Luwiziyana a 1851 cewa ya yi gudun da bayi ke yi ciwo ne na ƙwaƙwalwa, har suna ya raɗa masa, drapetomaniya, maganinsa a riƙe bawa kamar yaro, in aka ga ya fara ɓata rai a zane shi da bulala tun kafin ciwon ya tashi. Ku ji fa, mutum ya tsallake fadama da dare karnuka na binsa, a ce rashin lafiya ce. Ni a ganina ƙirƙiro wannan ciwo ma ya tona asirin Calhoun, don in da alheri ne da ba a buƙaci karnuka ba.

Hujjar ƙarshe ita ce ta dukiya, bawa kadara ce, wa zai biya? Ita ce ma ta fi yin aiki. Da Birtaniya ta soke bauta a 1833 fam miliyan 20 ta ware diyya, iyayengiji aka ba, su kuma bayin aka ce su ci gaba da aiki da sunan koyon sana'a har 1838.