Sharhi: Yadda Teku ta Yanke Hukuncin Yaƙin Hamada a 1942

Assalamu alaikum masu sauraro. Sharhinmu na yau zai waiwayi ƙarshen shekarar 1942, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, ya soma juya wa Jamus baya. Idan ana ba da labarin, hankali yakan tafi ga janar-janar da tankokinsu, amma a ganina galibin abin da ya faru a tudu an riga an yanke shi a kan ruwa.

Mu ɗauki hamadar Masar. Janar Rommel na Jamus ya kawo rundunarsa har El Alamein, kilomita ɗari da ɗoriya daga Iskandariyya, sai dai duk man da tankokinsa za su sha, sai an ɗauko shi daga Italiya an ƙetare Bahar Rum da shi. A tsakiyar wannan hanya kuwa akwai ɗan tsibirin Malta, inda jiragen saman Birtaniya da jiragenta masu nutso ke tare ayarin suna nutsar da shi. Shi ya sa Jamus da Italiya suka yi wa tsibirin ƙawanya, har yunwa ta kusa durƙusar da mutanensa.

A watan Agustan 1942 Birtaniya ta tura jiragen dakon kaya 14 domin ceton Malta, biyar kacal suka isa. Na ƙarshensu shi ne jirgin dakon mai da ake kira Ohio, wanda aka yi wa ruwan bamabamai har injinsa ya mutu. Ranar 15 ga Agusta ya shiga tashar jiragen ruwan Malta, jiragen yaƙi biyu sun tallafe shi dama da hagu kamar yadda ake riƙe majinyaci, ruwa na neman rufe bayansa, jama'a kuma sun cika ganuwar tashar suna murna. Man da ke cikinsa ya tayar da jiragen Malta, suka koma farautar jiragen da ke kai wa Rommel mai.

Ita ma Birtaniya ba ta samu da sauƙi ba, domin Bahar Rum ta rufe mata, dole jiragenta su kewaye Afirka ta kudu kafin su kai Suwez. Ta nan tankokin Amurka samfurin Sherman kimanin 300 suka iso a watan Satumba. Jiragen sama kuwa a cikin akwatuna ake kawo su Takoradi ta ƙasar Gana a yau, a harhaɗa su, sannan su tashi ta Legas, su yada zango a Kano da Maiduguri, su bi ta Fort Lamy (N'Djamena ta ƙasar Chadi a yau) da Khartum zuwa Alƙahira. Wannan ɓangare ya shafe mu kai tsaye, kuma abin takaici ne yadda ba a cika koyar da shi ba.

Da Janar Montgomery na Birtaniya ya buɗe wuta a El Alamein ranar 23 ga Oktoba, yana da tankoki kusan ninki biyu na abokin karawarsa, ga mai wadatacce. Ranar 4 ga Nuwamba Rommel ya ja da baya. Kwana huɗu bayan haka sojojin Amurka da Birtaniya suka sauka daga teku a Kasablanka ta Maroko da Oran da Aljiyas na Aljeriya, suka ɓullo masa ta baya. Ranar 19 ga watan kuma dakarun Tarayyar Sobiyet suka soma zagaye rundunar Jamus a Stalingrad.

Duk da haka, a wannan watan na Nuwamba jiragen Jamus masu nutso sun halaka jiragen kayan Birtaniya da ƙawayenta da nauyinsu ya haura tan dubu 700, galibin waɗanda ke cikinsu kuma ma'aikatan jirgi ne farar hula. Sai a watan Mayun 1943 aka karya lagon jiragen Jamus masu nutso a Tekun Atilantika, inda Jamus ta yi asarar jirage masu nutso kimanin 40 cikin wata guda, har Admiral Dönitz, shugaban sojojin ruwan Jamus, ya janye sauran. A cikin watan ne kuma, ranar 13, ragowar sojojin Jamus da Italiya da aka datse wa hanyar teku suka miƙa wuya a Tunisiya, su kusan dubu 250.