Wa Ke Sa Ido Kan Masu Sa Ido?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Makonni shida bayan harin 11 ga Satumba 2001, shugaban Amurka George Bush ya sa hannu kan dokar Patriot, dokar yaƙi da ta'addanci da ta faɗaɗa ikon gwamnati na sa ido kan jama'a. Tsoro ya cika zukata a lokacin, har a majalisar dattawa sanata ɗaya tak ya ƙi amincewa da ita. Babu mai hankalin da zai ce kada gwamnati ta bi sawun masu shirya kisan jama'a, wannan aikinta ne.

Amma sai a 2013 Edward Snowden, wani tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya tona abin da ake yi da wannan dama. Hukumar leƙen asiri ta NSA ta fake da sashe na 215 na dokar tana kwashe bayanan kiran waya na miliyoyin Amurkawa: wa ya kira wa, yaushe, minti nawa aka yi. Jami'ai suka ce ai ba hirar suke saurare ba. To, wanda ya san ka kira likita da tsakar dare, da safe ka kira lauya, da yamma ka kira ɗan jarida, me ya rage masa bai sani ba?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne sakamakon. A 2014 kwamitin gwamnati mai kula da 'yancin jama'a ya binciki shirin, ya ce bai ga wani binciken ta'addanci ko ɗaya da shirin ya sauya akalarsa ba. Majalisa ta taka masa birki a 2015, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ce ya saɓa doka a 2020. Shekara da shekaru ana kwasar sirrin mutane, alƙalan kotun sirri na sa hannu, talaka bai sani ba.

Yau ma abin ya ƙara sauƙi. Manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila na iya shiga wayarka ba ka taɓa komai ba, ta karanta saƙonninka, ta kunna makirufo. Kamfanin ya ce gwamnatoci kawai yake sayar wa, domin farautar 'yan ta'adda da manyan masu laifi. Sai ga binciken 'yan jarida a 2021 ya fito da jerin lambobi kusan 50,000, cikinsu har da na 'yan jarida, masu kare haƙƙin ɗan Adam da shugaban Faransa Emmanuel Macron. Kamfanin ya musanta alaƙa da jerin, amma kafin ƙarshen shekarar Amurka da kanta ta saka shi cikin kamfanonin da ta taƙaita hulɗa da su.

Mu kasance lafiya.