Kakar 1961 da Takardun da Ƙura ta Rufe

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau zai leƙa Amurka, filin besbol, wasan nan da ake bugun ƙwallo da kulki. Abin alfaharin kowane mai bugu shi ne hom-ran, wato ya maka wa ƙwallo kulki ta tsallake katangar fili, shi kuma ya zagayo ya ci maki ba mai tare shi.

A 1927 Babe Ruth ya yi hom-ran 60 a kaka guda, aka ce daga kansa an rufe ƙofa. Sai ga 1961, 'yan wasan New York Yankees biyu, Mickey Mantle da Roger Maris, suka tasam ma wannan adadi. Mantle ɗan lelen 'yan kallo ne. Maris kuwa baƙo ne, bai daɗe da zuwa daga Kansas City ba, ga shi jininsa bai haɗu da na 'yan jarida ba. Ciwon ƙugu ya kwantar da Mantle yana da 54, aka bar Maris shi kaɗai, damuwa har ta sa gashin kansa ya riƙa zuba.

Tun a watan Yuli shugaban hukumar wasan, Ford Frick, tsohon aminin Ruth, ya gindaya sharaɗi. A zamanin Ruth wasa 154 ake yi, a wannan shekarar kuwa an mai da su 162, don haka duk wanda bai kamo Ruth cikin 154 ba, a rubuta nasa daban. Wa'adin ya cika Maris yana da 59. Ranar 1 ga Oktoba, a wasan ƙarshe, ya buga na 61 daga jifan Tracy Stallard na Boston, a gaban mutum 23,154 kacal, rabin filin ma bai cika ba. Sai a 1991 wani kwamiti ya share wannan bambanci, alhali Maris ya rasu tun 1985. Ihu bayan hari ke nan.

To amma ni abin da ya fi burge ni a wannan kaka ya faru ne nesa da fili, a kan tebur. Akwai wasu 'yan sa-kai, irin na ƙungiyar Retrosheet da wani malamin jami'a, David Smith, ya kafa a 1989, waɗanda aikinsu shi ne tono tsofaffin takardun maki da 'yan jarida suka cika da fensir, su gwada su da rahoton jaridu, bugu bayan bugu. Aikin da ba tafi, ba kyamara, sai ciwon ido.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan masu tono, Ron Rakowski, ya bi wasannin 1961 ɗaya bayan ɗaya, ya tsinkayi kuskure a karawar 5 ga Yuli da Cleveland. An rubuta wa Maris maki guda a jerin waɗanda bugunsa ya jawo wa ƙungiya, alhali kuskuren abokan hamayya ne ya haifar da shi. Hom-ran 61 suna nan daram, amma wancan lissafi ya sauka daga 142 zuwa 141. Ashe kunnen doki suka yi da Jim Gentile na Baltimore, wanda shekara da shekaru ana kiransa na biyu.

Bayan kakar 1961, babban manajan ƙungiyar Baltimore, Lee MacPhail, ya gaya wa Gentile cewa da shi ya zo na ɗaya, da ya samu ƙarin dala 5,000. A 2010, bayan an amince da gyaran, ƙungiyar ta gayyato shi filinta yana ɗan shekara 76, ta miƙa masa cekin dala 5,000. Mai jan ragamar harkokin wasa na ƙungiyar a ranar shi ne Andy MacPhail, ɗan wancan manajan.