Fritz Walter, kyaftin ɗin da ruwan sama ya yi wa rana

Auwal: To jama'a, tun makon jiya ake musu a zaurenmu na WhatsApp, wai Beckenbauer ne kyaftin ɗin Jamus na farko da ya ɗaga kofin duniya. Ina! Fritz Walter ne, 1954, a birnin Bern na Switzerland.

Nura: Wasan da suka doke Hungary.

Auwal: Hungary ta Puskas fa, wadda ta lallasa su 8-3 a rukuni. A wasan ƙarshe ma kafin minti 10 an zura musu biyu. Morlock ya farke ɗaya, Rahn ya ci biyu, aka tashi 3-2. Ana tafka ruwa kuma, shi ko Walter abin da yake so ke nan, don ya yi zazzaɓin cizon sauro lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, zafi na wahalar da shi.

Nura: Tsaya. Maleriya? Ashe ni ma ɗan ƙwallo ne ban sani ba.

Maryam: Kai da duk damina sai an yi maka ƙarin ruwa.

Nura: Shi ya sa nake cewa ina kofina? Sauron unguwarmu kaɗai ya isa ya kai Najeriya wasan ƙarshe.

Maryam: Sai a saya musu riga, a ba babbansu lamba 10.

Nura: Gidan sauro ya zama raga.

Auwal: Ku bar ni in ƙarasa mana! Abin da ya fi ba ni mamaki, bayan yaƙi yana tsare a wani sansani a Romaniya, za a wuce da su Saibiriya. Wani mai gadi ɗan Hungary da ya taɓa ganin wasansa ya ce ai wannan ba Bajamushe ba ne. Haka ya tsira. Bayan shekara 9 ya hana ƙasar mutumin kofi.

Maryam: Kai, wannan sakayya!

Auwal: Kuma bai taɓa barin ƙungiyarsa ta Kaiserslautern ba. Ya ci musu gasar Jamus a 1951 da 1953, Atletico Madrid ta zo da kuɗi ya ce a'a. Wasa 61 ya buga wa ƙasarsa, ƙwallo 33. Ƙanensa Ottmar ma...

Maryam: Yaya Auwal, lokaci ya ƙure.

Auwal: Ai ban zo kan 1958 ba.

Nura: Sai mako mai zuwa. Maryam, kashe abin nan.